"Ai Yana Aiki a Wajena": Maganar da Ta Ɗaure Emacs Shekara 35

 

Akwai wata magana da nake so mu yi wa jana'iza a wannan zaure, ita ce "ai yana aiki a wajena." Marubuci zai turo labari, a buɗe a ga "}asa" a inda ya kamata a ga "ƙasa", a ga "]aya" a madadin "ɗaya". A yi masa magana, ya ce shi dai a kwamfutarsa lafiya ƙalau yake fitowa. Marubuciya za ta canza waya, babi talatin su ƙi biyo ta, ta ce ai a tsohuwar wayar komai yana nan. Dukkansu gaskiya suka faɗa, amma gaskiyar ba ta amfani mai karatu da komai ba.

Na san idan na tsaya a kan ra'ayina za a ce yaro ne ke surutu. Shi ya sa na ɗauko labarin wata manhajar rubutu wadda gwanayen gina manhaja na duniya suka jingina da irin wannan magana har shekara 35, kafin ta ƙare musu. Wani zai ce me ya haɗa marubucin soyayya da hanjin kwamfuta? Ka yi haƙuri ka bi ni a hankali, za ka ga fuskarka a ciki.

Sunan manhajar Emacs. Asalinta daga jami'ar MIT ta Amurka ne a 1976, daga baya Richard Stallman ya sake gina ta da sunan GNU Emacs, ta fito a 1985. Aikinta rubutu da gyaran rubutu, kuma har gobe ana amfani da ita. Kyauta ce, kowa na iya buɗe cikinta ya ga yadda aka ƙera ta, don haka abin da zan faɗa yana nan rubuce a fayilolinta.

An gina Emacs hawa biyu. Ƙashin bayanta da yaren C aka rubuta shi, sauran yawancin jikinta kuma da yaren Lisp. Kafin ta iya karɓar harafi ɗaya daga hannunka, dole ta karanta gomman fayilolin Lisp ta jera su a ƙwaƙwalwar aiki, wadda muke tambaya da sunan "ram" idan za mu sayi waya. A kwamfutocin shekarun 1980 wannan jira ne mai cin rai, kuma kullum aka buɗe ta sai an maimaita shi.

Sai aka yi amfani da wata dabara mai suna unexec, wadda Spencer Thomas na Jami'ar Utah ya rubuta a watan Maris na 1982. Ga yadda take. Ranar da ake harhaɗa Emacs, a fara gina tsurar manhajar, wadda ake kira temacs. A tashe ta, ta karanta duk fayilolin Lisp ɗin nan, ta jera komai. Daga nan sai a kwashe abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta yadda yake, a daskarar da shi cikin sabon fayil. Wannan daskararren fayil shi ake ba mutane. Kana buɗe shi sai ka tarar da komai a jere, kamar ba a taɓa kashe ta ba.

Dabara ce mai kyau, ba na musun haka. Amma ku dubi abin da ta jingina da shi.

Ku ɗauki ƙwaƙwalwar aiki a matsayin kasuwa mai dogon layin rumfuna, kowace rumfa da lambarta. Manhaja ba ta riƙe kaya a hannu, lambar rumfa take riƙewa: jerin umarnai yana rumfa ta kaza, sunan fayil yana rumfa ta kaza. Akwai kuma sarkin kasuwa, wanda a duniyar C ake kira malloc. Shi ke raba rumfuna, shi ke karɓarsu idan an gama da su, kuma yana da littafinsa da yake rubuta wacce ke hannun wa da wacce ke wofi. Abin da unexec ke yi shi ne ta ɗauki hoton kasuwar nan da tsakar rana, ta ce gobe da safe kowa ya koma daidai inda hoto ya nuna. Idan lambobin rumfunan ba su canza ba, kuma sarkin kasuwar gobe ya yarda da littafin na jiya, lafiya lau. Idan ɗaya ya sauya, sai manhaja ta miƙa hannu rumfa ta kaza ta tarar da kayan wani, ko ta tarar babu rumfar ma gaba ɗaya.

Ranar da asirin wannan dabara ke tonuwa ita ce ranar ƙaura, wato ranar da wani ya ce zai kai Emacs kan wata babbar manhaja da ba ta saba da ita ba. Kowace babbar manhaja da nata salon shirya fayil mai tashi: Linux na da ELF, kwamfutocin Apple na da Mach-O, Windows na da PE. Tunda unexec fayil irin wannan take ƙerawa da hannunta, sai ya zama kowane gida sai an rubuta masa tasa. Shi ya sa aka tara unexelf.c da unexmacosx.c da unexw32.c da unexaix.c da unexcw.c da unexsol.c da unexhp9k800.c, kowanne da nasa ciwon kan.

Ciwon kuma kusan alama ɗaya yake zuwa da ita. Tsurar temacs za ta tashi lafiya. Daskararriyar kuwa, kana buɗe ta sai ta ɗauke wuta tun kafin ta nuna maka fuska. Mai ƙaura zai zauna yana bin sawu. Da farko ya tabbatar temacs na aiki, don ya san laifin daga daskarewar yake. Sai ya duba ko babbar manhaja ta sauke kayan a lambobin da aka ɗauki hoto da su, ko ta gusar da su. Idan suna nan, sai ya koma kan sarkin kasuwa: rumfar da manhaja ta zo mayarwa, kafin hoto aka ba da ita ko bayansa? Domin idan kafin hoto ne, sabon sarkin kasuwa bai san da ita a littafinsa ba, kuma da zarar ya karɓe ta lissafinsa ya rikice. Mafi muni, ba lallai manhajar ta mutu a nan take ba. Tana iya ci gaba da aiki da rikitaccen littafi, sai can gaba ta faɗi a wurin da ba shi da alaƙa da asalin laifin. Bayan wannan akwai bayanan da suka daskare da labarin jiya, kamar alamar da ke cewa "na riga na shirya" alhali a wannan tashin ba a shirya komai ba.

To, me aka yi? An yi ta faci. A kwamfutocin Apple an sa Emacs ta riƙa duba kowace rumfa kafin ta mayar, idan ta cikin hoto ce sai ta yi shiru ta bar ta. A Windows an ware wani ƙaton fili na musamman da ake rabawa kafin hoto, da wata hanyar rabo daban bayan hoto. A Cygwin an naɗa sarakunan kasuwa biyu, ɗaya na kafin daskarewa, ɗaya na baya. A Linux kuwa, rumbun glibc, wanda kusan kowace manhaja a kan tsarin ke ɗibar kayan aiki daga cikinsa, shi aka ɗora wa nauyin. Yana ɗauke da wasu ƙofofi, malloc_get_state da malloc_set_state, waɗanda Emacs ke bi ta kwafi littafin sarkin kasuwa kafin hoto ta mayar masa da shi bayan tashi.

A nan ne na fara rabuwa da masu yabon dabarar. Muddin glibc na riƙe da alkawarin karɓar tsohon littafi, masu kula da shi ba su da 'yancin sake tsarin littafin yadda suke so. Saurin tashin manhaja ɗaya ya zama takunkumi a ƙafar rumbun da dubban manhajoji ke ci daga gare shi.

Sai kuma maganar tsaro ta shigo. Masu kutse sun gane cewa idan kaya kullum a rumfa ɗaya suke, ɓarawo ba ya buƙatar bincike. Saboda haka aka fito da tsarin hargitsa lambobi, ta yadda duk tashin da manhaja za ta yi, a wani wuri daban za a sauke ta. Linux ya fara yin haka kai tsaye a 2005. Wannan kariya ce ga kowa, amma ga unexec guba ce, domin rayuwarta gaba ɗaya a kan kada lamba ta motsa take. Abin da Emacs ta yi shi ne ta riƙa roƙon babbar manhaja ta kashe mata wannan kariya a lokacin harhaɗawa, kuma a gina ta kafe a lamba ɗaya. A fayil ɗin matsaloli da ke zuwa tare da Emacs har an rubuta wa mutane yadda za su kashe hargitsawar da hannunsu idan harhaɗawa ta ƙi. Da aka fara gina manhajoji a cikin Docker, wanda ke hana irin wannan roƙo, sai harhaɗa Emacs ta riƙa mutuwa a tsakiyar hanya.

A watan Janairun 2016 magana ta fito fili: masu kula da glibc, cikinsu har da Florian Weimer na kamfanin Red Hat, suna so su rufe waɗannan ƙofofi. Hankalin mutanen Emacs ya tashi, aka yi ta muhawara. Ba a fasa ba. A glibc 2.25 na watan Fabrairun 2017 an cire ƙofofin biyu ga duk sabuwar manhajar da za a gina, aka bar wata ɓoyayyar hanya don tsofaffin da aka riga aka gina kada su mutu. Wata shida bayan haka, glibc 2.26 ya fito da sabon tsarin rabo da ya ƙara wa malloc sauri.

Ni a wannan rigima ina bayan mutanen glibc ɗari bisa ɗari, kuma zan amsa hujjojin ɗaya ɓangaren ɗaya bayan ɗaya.

Hujja ta farko: ai ta yi aiki shekara da shekaru. Ta yi aiki ne saboda wasu suna biyan kuɗinta. Duk wanda ya kwana yana bin sawun mutuwar Emacs a sabon tsari ya biya. Masu glibc sun biya. Mai amfani da ita da aka rage wa kariya ya biya bai ma sani ba. Wanda ke cewa "tana aiki" shi ne kawai wanda takardar bashin ba ta iso ƙofarsa ba.

Hujja ta biyu: sauri. Gaskiya ne, a 1985 babu wata hanya mai sauƙi da za ta ba da wannan sauri, kuma wanda ya zagi Spencer Thomas ko Stallman a kan haka bai yi adalci ba. Amma an daɗe da sanin akwai wata hanyar. XEmacs, 'yar uwar Emacs da ta balle daga gare ta, tana da hanyar daskarewa mai jure ƙaura tun farkon shekarun 2000. An ga hanya, an ƙi bi, saboda tsohuwar ba ta riga ta kashe kowa ba.

Hujja ta uku ita ce mai nauyi: masu aikin 'yan sa-kai ne, kuma taɓa zuciyar manhajar da mutane ke cin abinci da ita kasada ce. Na yarda. Sai dai jinkirin bai rage kasadar ba, lokacin yin aikin kawai ya fitar daga hannunsu ya miƙa wa wasu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanen Emacs sun fafe nasu ne jaki na bakin ƙofa.

Gyaran gaskiya ya zo daga hannun Daniel Colascione. Ya gabatar da shi a ƙarshen 2016, aka karɓa a farkon 2019, ya isa hannun jama'a a Emacs 27.1 a watan Agustan 2020. Bambancinsa da tsohuwar dabara ɗaya ne, amma shi ne komai. Maimakon ɗaukar hoton kasuwa, sai a bi kaya ɗaya bayan ɗaya a rubuta su a wani fayil na daban, emacs.pdmp, tare da jadawalin duk wurin da aka ambaci lambar rumfa. Ranar tashi, ko ina babbar manhaja ta sauke kayan, sai a bi jadawalin a gyara lambobin su dace da sabon wuri. Ba a ƙara neman littafin sarkin kasuwar jiya ba, ba a ƙara roƙon a kashe kariya ba. An kuma sa wa fayil ɗin shaida irin ta yatsa, idan bai dace da Emacs ɗin da ke son buɗe shi ba, sai ta ƙi karɓa ta faɗa maka dalili, maimakon ta mutu a ɓoye.

Ga ribar a aljihunku. Tun Android 5.0 na 2014, wayoyin Android ba sa karɓar manhajar da aka kafe a lamba ɗaya. A watan Fabrairun 2025 Emacs 30.1 ta fito, kuma a hukumance tana aiki a kan Android, irin wayar da yawancinmu ke karanta wannan rubutu da ita.

Yanzu mu dawo gida, domin mu ma muna da tamu unexec ɗin.

A lokacin da kwamfutoci ba su iya nuna ƙ da ɗ da ɓ ba, wasu bayin Allah masu kishin harshe sun zana haruffa na musamman, suka ɗora ƙ a kan gurbin alamar }, ɗ a kan gurbin ], haka sauran. Da wannan aka buga jaridu da littattafai da kundayen digiri, Allah ya saka musu da alheri. Amma a cikin fayil ɗin babu ƙ ko ɗaya. Alamar } ce ke zaune sanye da rigar ƙ, kuma rigar tana kwamfutarka kaɗai. Ranar da fayil ya yi ƙaura zuwa wayar mai karatu ko shafin intanet, sai rigar ta zame. Wanda ya nemi kalmar "ƙauna" a Google ba zai taɓa faɗawa kan labarinka ba, domin kai "}auna" ka rubuta.

Alhali tun farkon shekarun 1990 tsarin Unicode ya ba haruffanmu gurbinsu na kansu: ƙ tana U+0199, ɓ tana U+0253, ɗ tana U+0257, har da ƴ da 'yan uwanmu na Nijar ke rubutawa, tana U+01B4. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, kyauta. Wanda yake amfani da tsohon zane a yau ba rashin hanya ke damunsa ba, sabo ne.

Haka wanda littafinsa gaba ɗaya ke cikin wata manhajar ajiye rubutu da ba ta da hanyar fitar da shi. Haka wadda kwafin labarinta ɗaya tilo shi ne saƙonnin da ta tura zauren WhatsApp. Haka wanda ke adana waƙoƙinsa a hoton fuskar waya, wanda ba a iya gyara wasali ɗaya a cikinsa, ba a iya neman kalma. Duk waɗannan hoton kasuwa ne. Suna aiki muddin wayar nan ce, manhajar nan ce, lambar nan ce. Kuma wayoyinmu mun san halinsu: ana sacewa, suna faɗawa ruwa, suna mutuwa ba sallama.

Na san abin da za a ce mini. Wani zai ce wannan aikin mai buga littafi ne, shi nasa ƙirƙira. Malam, mai buga littafin da ya karɓi shafi 200 cike da } da ] da ~ zai yi ɗayan biyu: ko ya caje ka kuɗin gyara, ko ya gyara da gaggawa ya bar maka kurakurai da sunanka a bango. Kai ne ka ci saurin, shi ka bar wa bashin, daidai yadda Emacs ta yi wa glibc. Wata za ta ce ba ta da kwamfuta, ba ta da kuɗin data. Hajiya, littafi mai kalma dubu hamsin a tsurar rubutu bai kai nauyin hoto ɗaya da kika ɗauka da wayarki ba. Wani kuma zai ce ai masu karatu suna ganewa ko an rubuta "kasa" a madadin "ƙasa". Suna ganewa ne da wahalarsu, kuma ranar da "bari" da "ɓari" suka haɗu a jimla ɗaya, ko "kafa" da "ƙafa", za ka ga inda ganewar ta tsaya.

Abin da nake nema a wajenmu bai da yawa. Ka sa allon rubutun Hausa, ka rubuta ƙ ta gaskiya. Ka ajiye kowane aiki a fayil da kowace na'ura ke buɗewa, tsurar rubutu ko fayil ɗin Word da aka rubuta da haruffan Unicode. Ka ajiye kwafi a wurin da ba cikin wayarka ba, ko da imel ne ka tura wa kanka. Sannan ka yi gwajin da mai ƙaurar manhaja ke yi: ka tura babi ɗaya wayar wani wadda ba irin taka ba, ka karɓa ka buɗe da idonka. Abin da ka gani a can shi ne littafinka. Idan kana da tsofaffin fayiloli masu } da ], umarnin nema da maye gurbi da ke cikin Word zai gyara su cikin 'yan mintuna, harafi bayan harafi, manya da ƙanana.

Ina kuma roƙon shugabannin wannan zaure da na ƙungiyoyinmu na marubuta su sa wannan cikin sharuɗɗan gasa da na tura labari. Duk rubutun da ya zo da rigar aro a mayar wa mai shi ya gyara, cikin mutunci, tare da nuna masa yadda ake yi. Za a ji haushi a makon farko, kamar yadda aka ji haushin mutanen glibc a 2016. Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Wanda yake ganin na yi tsauri, ko yake da hujjar da ta fi tawa, fili a buɗe yake, ina saurare. Sharaɗi ɗaya ne: kada ya ce mini yana aiki a wajensa.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, ya tsare mana abin da muka rubuta. Sai mako mai zuwa idan mai duka ya kai mu.